Mai Karɓar Baba Aiki

Ɗorayi, Kano.

Zuwa ga Yaya Sagir,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Mubina da yara. Na ga ruwan Fatakwal ya jiƙa maka waya, tunda ba ka ɗauka, shi ya sa na rubuto.

Yaya, a tsorace nake. Mantuwar tsufan Baba ta ƙaru, ya fara fita ba sallama. Da ya jiyo jiniyar wani kamfani daga Sharaɗa, sai ya zura takalmi ya kama hanya. Ran Talata har la'asar muna nemansa. A ƙofar tsohuwar masaƙarsu muka same shi, wadda aka rufe tuntuni, ciyawa ta cinye ta. Yana zaune a rana, leɓe ya bushe, manyan motoci na wucewa dab da ƙafarsa. Ya ƙi tashi. Wai tukunyar tururin masaƙar na kan wuta, kuma ba a barin ta sai mai karɓarka ya zo.

Ka san mai karɓarsa, Baba Irmiya. Shi ya goyo Baba a yaƙin basasa da aka harbi Baba a cinya. Tare suka sha warin fata a majemar Challawa, tare suka koma masaƙa. Shekara da shekaru ɗaya ba ya tashi daga aiki sai ɗayan ya dafa kafaɗarsa ya ce ya karɓe shi. Da Baba Irmiya ya rasu, kai ka ce a ɓoye wa Baba saboda hawan jini. To ga shi nan yana jiran mamaci a bakin titi.

Da ƙyar aka ciccibo shi cikin adaidaita sahu yana kuka. In na kulle ƙofa, sai ya ɗauka abokan gaba ne suka kama shi. In na buɗe, mota nake tsoro. Ka faɗa mini yadda zan yi.

Ƙanwarka,
Aina'u.

Zuwa ga Yaya Sagir,

Assalamu alaikum. Da fatan kun tashi lafiya. Na gaji da jiran amsarka, na je na samu Luka, ɗan marigayin. Ka san shi, ubansa sak, har tafiyar.

Da Baba ya sake sulalewa, Luka ya saka tsohuwar hular ubansa ya bi shi. Ya sara masa irin ta soja, ya dafa kafaɗarsa, ya ce ya karɓe shi. Wallahi Baba ko musu bai yi ba. Ya gargaɗe shi ya kula da wutar, ya kakkaɓe rigarsa, ya biyo ni gida. Har da sujjadar godiya na yi.

Na yi saurin murna. Tun daga ranar, in jiniya ta kaɗa, Baba ko juyawa ba ya yi. Tuwo sai loma biyu. Ya ba Luka lambar yabonsa ta yaƙi, ya sa na kira maƙwabta ya nemi gafararsu. Ba inda ke masa ciwo, Yaya, abin da ya fi firgita ni ke nan. Ashe jiran ne ke riƙe da shi, mu kuma muka sallame shi da hannunmu.

Ɗazu ya kira sunanka daidai, abin da ya daɗe bai yi ba. Ya ce in sanar da kai ya tashi daga aiki, kai kaɗai yake jira ku yi sallama.

Kada ka rubuto amsa. Ka shigo mota.

Taka,
Aina'u.