Motar da Auta Ya Aiko

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da sanyin ƙasarku. Ina sanar da kai cikin alhini cewa jiya wani mai keke ɗauke da buhun gawayi ya wuce ni a hawan bayan asibiti. Har ya waiwayo ya ce, "Malam, a taya ka turi ne?" Ina cikin motar da ka aiko.

Da na ziyarce ka, taka na shiga, na ce irinta nake so sak. Suna ɗaya, launi ɗaya, ban musa ba. Amma taka in an taka ta sai ƙeya ta bugi kujera. Wannan kuwa nishi take yi kamar tsohuwa za ta tashi daga tabarma. Inda taka ke da maɓallai reras, tawa an toshe ramukan da baƙar roba. Kullum suna kallona, ina kallonsu.

Ni na goya ka, Auta. In ka ga ban cancanci motar kirki ba, da ka faɗa mini ido da ido.

Yayanka.

Yaya,

Ina gaisuwa da girmamawa. Allah ya huci zuciyarka. Kamfani ɗaya ne, amma kowane yanki da irin wadda ake ƙera masa: jiki ɗaya, inji daban. Maɓallan nan na ɗumama kujera ne, kai kuwa rana tana yi maka kyauta.

Sai dai ba zan yi maka ƙarya ba. Ko a na yankinku akwai mai babban inji. Da gangan na zaɓi ƙaramin. Ka tambayi maman yara.

Ƙaninka mai biyayya.

Auta,

Gaisuwa, don dai tarbiyya ta hana ni tsallake ta.

Na tambaye ta tana guga. Ko kai ba ta ɗaga ba ta ce, "Ni na buga masa waya. Idonka ya rage, ƙafarka ba ta rage ba." Wai har likitan idona yana cikin shawarar.

Na ƙarar da ƙuruciyata ina koyar da ɗalibai tarihin juyin mulki, ashe a falona ake kitsa nawa. Kamfani ya raina yankinmu, wannan na saba. Amma matata da ƙanina su zauna su auna mini gudu kamar maganin tari! Zan sayar da motar in sayi mai babban inji. Kada ka rubuto, ba zan karanta ba.

Wanda dā kake kira Yaya.

Auta,

Kana lafiya?

Ɗazu na shigo gida zan tsaya, na nemi birki, ƙafata ta sauka kan totur. Maman yara tana gabana tana shanya, ta juya baya, bango na gabanta. Motar da ka aiko ta yi nishin nan nata, ta daki dakali, ta kasa hawa, ta mutu. Tsakanin motar da maman yara bai fi taƙi ba.

Na fasa sayarwa. Ni ne ban yi daidai ba.

Kada ka gaya mata na faɗa.

Yayanka.