Ruwan Saiwar da Ya Kusa Rusa Auren Ɗan Yayana

Zuwa ga Mai Gidan Maganin Gargajiyar Indiya da ke Perry Barr, Birmingham.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da ma'aikatanka. Ni injiniya ne, ina zaune a unguwar Rusholme ta Manchester da iyalina. Na buga muku waya har na gaji, kullum busar sarewa ake kunna mini, shi ya sa na fito fili.

Na farko. Takardar tallarku cewa ta yi cleansing, wato tsabtace jiki, ga hoton wata mata tana barci cikin furanni. Na ɗauka tausa ce. Ranar Asabar ɗin da na zo, ni ne jagoran neman auren ɗan yayana, Mubarak, a unguwar Lozells, nan garinku, bayan la'asar. Sai na ce bari in biya da hantsi a warware mini gajiyar tuƙi daga Manchester. Babu inda kuka rubuta kalmar amai.

Na biyu. Aka zaunar da ni, aka dire bokiti a gabana. Wani ma'aikacinku mai fara'a ya kawo dafaffen ruwan saiwar licorice, wadda masu magani a gida ke kira irƙussus. Kofin farko na yaba, zaƙi kamar an jiƙa mazarƙwaila. A kofi na takwas na fara kalmar shahada. Abin da ya biyo baya ba na sakawa a wasiƙa ba ne. Amma duk zuwa ɗaya sai mutumin nan ya tafa, ya ce "Well done, sir," ya leƙa bokitin, ya yi rubutu. Na haura hamsin, ko ranar da na gama jami'a ba a tafa mini haka ba.

Na uku, kuma shi ne ya fi ƙona mini rai. Kun sallame ni ba murya, da dokar kada in ci komai sai ruwan shinkafa. Muna zama a falon surukai aka shigo da masa da miyar taushe da farfesun kan rago. Ƙamshin na buguna na miƙe a guje. Banɗakin gidan ɗaya ne, a sama, kuma kun san bangon gidajen nan, ko tari ka yi maƙwabci zai ce maka sannu. Sau uku ina hawa, kowa yana ji. Baffan yarinya, wanda shi ne waliyyi, ya rufe kwanon masa ya ce, "In abincinmu bai yi muku ba, 'yarmu ma ba za ta yi muku ba." Mubarak ya sunkuyar da kai, gumi yana ɗiga a kan sabuwar shaddarsa.

Allah Ya taimake mu, mahaifin yarinyar likita ne. Ya dubi idona, ya ɗauko abin awon jini, ya naɗe mini hannun babbar riga. Da na raɗa masa abin da na sha, ya ce saiwar nan tana tayar da hawan jini. Ni kuwa da ma ina shan maganinsa, kuma a gidanku ko tambaya ba a yi mini ba. Haka aka nemi auren ina kwance a kan kafet. Baffan ya tsuguna, ya kara kunnensa a bakina, yana faɗa wa jama'a abin da nake roƙo, sannan ya gyara zama ya ba wa kansa amsa cewa ya bayar.

Buƙatuna ba su da yawa. Ku rubuta amai da manyan baƙaƙe a takardarku. Ku riƙa tambayar mutum ciwonsa kafin ku miƙa masa kofi. Sannan don girman Allah ku daina turo mini saƙon waya kuna gayyatata mataki na biyu. Na bincika, an shaida mini cewa shi wannan ba ta baki ake bi ba. Na yafe, duniya da lahira.

Allah Ya ba ku lafiya, Ya albarkaci sana'arku, Ya haɗa ku da masu ƙarfin ciki.

Wassalam.
Kawun ango, Rusholme.