Muryarka a Bikin Wasu

Baban Nana,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Na san ba mai kai maka wannan takarda, amma dai zan rubuta, don ba ni da wanda zan faɗa wa.

Gida lafiya. Na fita takaba. Inna ta koma Bakura, ƙafar tana nan tana damunta. Nana ta iya magana, bakinta ba ya hutawa, gadonka ta yi.

Maganar ma'ajiyarka ce ta sa na zauna rubutu, 'yar baƙar nan da kake jonawa da kwamfuta. Ka tuna yadda kake kwashe hotunan mutane ka zuba a ciki, ka goge na kwamfuta, ka ce ai ajiya ta yi? Ashe ba su da wani wuri sai nan. A ciki ne kuma bidiyon ranar sunan Nana yake, wanda na karɓe kyamara na ɗauke ka kana riƙe da ita. Shi kaɗai ne da fuskarka. Ka ɗauki rabin Mafara hoto, kai ko ɗaya na kirki ba ka tsaya an yi maka ba.

Bayan addu'ar bakwai, Yaya Bala ya ce hotunan biki da na suna amanar mutane ce a wuyanka, dole a sauke maka. Gaskiya ya faɗa. Ya sa ma'ajiyar a aljihu, ya hau babur ɗinka, ya bi masu su gari gari, Jangebe, Morai, har Janbako da wannan hanyar tata. Duk shagon da ya samu kwamfuta sai ya jona, a kwashe wa mai hoto nasa, ya fizge waya ya yi gaba. A Maradun ana cikin kwafa janareta ya mutu. Tun daga nan ta ƙi buɗewa, sai dai kwamfuta ta ce a yi fomatin, wato a goge komai da ke ciki.

Na so in ce masa ya fara cire mini nawa. Amma ta yaya mai takaba za ta dubi wan mijinta ta ce tana son kallon mijinta?

Mai gyara a Mafara ya ce da an yarda da fomatin, da shi ke nan. Ya ce fizge waya tana cikin aiki, da ɗaukewar wuta, da jijjigar babur, da cutar bairos ta kwamfutocin shaguna, kowanne shi kaɗai ya isa ya ɓata tsarin da take gane inda ta ajiye komai. Taka kuwa duk ta sha su. Ya ceto abin da ya cetu, ba suna, sai lambobi. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Ranar sunan ba ta ciki.

Ban taɓa gaya maka ba, surutun nan naka da nake cewa ya ishe ni, ƙarya nake yi. Ina daga ɗaki ina saurare.

Jiya na buɗe wani guntun bidiyo, bikin mutanen da ban sani ba. Ba ka fito ba, amma muryarka ce a bayan kyamara, kana ce musu su matso, su matso dai, ba cizo kake yi ba. Nana tana wasa a bakin ƙofa. Sai ta ajiye abin hannunta, ta taso, ta matso har goshinta ya taɓa kwamfutar. Ba ni na kira ta ba, wallahi. Ni kuka kawai nake yi.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka.

Matarka,
Maman Nana