Sharar Gida Na Sha Huɗu

Yayata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙafar Inna?

Kin tambayi aikin da na samu. Shara nake tonawa, Yaya. Farfesan da nake wa aiki ya ce yadda ake gane mutanen dā daga fasassun tukwanensu, haka za mu gane na yau daga abin da suka zubar. Gida talatin da biyu na layi ɗaya suka sa hannu, bisa alkawarin babu suna, sai lamba. Kowace Talata in zazzage buhunansu a tebur, in ware, in auna, in rubuta. Shi kuwa yana bakin ƙofa da hankici a hanci, wai, "'Yammata, ilimi ba ya ƙyama!" Safar hannunsa har yau tana cikin ledarta.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Ina gaisuwa. Na yi kuskure, hankalina a tashe yake. Lambobin nan, yadda gidajen suke jere daga famfo na ba su, don kada in rikice. Duk mai iya ƙirga ƙofa zai gane kowa.

Gida na sha huɗu na mai kitso ne. Sau shida ina samun kwalin maganin farfaɗiya a buhunta, an yayyaga shi, an cusa a gwangwani, an matse bakin. Ni na haɗa guntayen, Allah ya yafe mini. Matan layin sun ɗauka cutar ana kamuwa da ita. In suka ji, ba mai sake miƙa mata kai. Farfesa ya buga hoton kwalin ƙato da lambar gidan a jiki, zai nuna wa jama'ar unguwa ranar Asabar. Na roƙe shi, ya ce, "Su waye za su zauna ƙirga?" Mutanen da suka san sau nawa maƙwabciya ta ɗora tukunya! Mai digiri huɗu ke nan.

Auta

Yayata,

Da fatan kun tashi lafiya. Na je na faɗa wa mai kitso komai, na karanta mata layi na bakwai na takardar da suka sa wa hannu: kowa yana iya janyewa. Sai ta ce, "In na janye ni kaɗai, ai na nuna kaina, 'yar boko."

Kwana biyu ta yi tana kitso tana tambayar mata ko sun shirya ganin shararsu a bango. Gida ashirin da uku suka janye. An fasa taron, an cire hoton, ni kuma an sallame ni, wai ba ni da kishin ilimi.

Da na koma ɗaukar jakata, buhunan sauran gida taran suna tebur, ba mai warewa. Na bar Farfesa yana yage ledar safar hannun da haƙori.

A gaida Inna. Kada ki faɗa mata tukuna.

Taki,
Auta