Kiran da bai yanke ba

Laraba da dare, Keffi

Yau motar asibitinmu ta ɗaukar marasa lafiya ta ɗauko mai naƙuda daga Agwada, kuma kiran da nas ɗin da ke cikin motar ta yi wa likita bai yanke ba. A da, da zarar waya ta sauya netwok a hanya, sai ta ɓace wa sabar da nake kula da ita, wato kwamfutar da ke haɗa kiran. Sati uku ina fama da saitin nan, har Oga ya fara maganar kiran injiniya daga Abuja.

Ina kallon allo wayar ta tsallaka netwok biyu, likita na ta bayani. Kafin su iso Gangaren Tudu an haifi yarinya lafiya.

Oga ya ce, "Kai, yau netwok ya yi kirki!"

Na ce, "Sosai, Oga." Ni dai na san wanda ya koya masa kirkin.