Ta Gano Kuskurena, Na Ce Ta Faɗi Gwaji

Assalamu alaikum, masu kula da wannan shafi da masu karatu. Ku sakaya sunana, kuma don Allah ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci. Na haura saba'in, ban saba kai kuka wurin sa'o'in 'ya'yana ba, amma abin nan ya hana ni sukuni.

Lokacin da na fara aikin lantarki a masaƙun Bompai, mace ba ta wuce ɗakin ninke atamfa. Yanzu yara mata ke zuwa ƙofar kamfani da takardar digirin injiniya a hannu. Ni kuwa ba baƙon wannan ba ne. Aiki ya kai ni Indiya da Masar da Jamus, na zauna a Maraɗi, ina jin Larabci da Turanci da Faransanci. A Indiya mace ce ta koya mini gyaran allon sarrafa injin, takan buge mini hannu in na kai shi inda bai kamata ba. A Masar na ga mai lulluɓi tana ba maza umarni, ba wanda ya ce uffan. Na dawo ina ta ba da labari a majalisa, ina cewa mu aka bari a baya. To me ya hau kaina?

Shekara biyu ke nan, wani kamfanin roba a Sharada da nake ba wa shawara ya nemi injiniya ɗaya, aka ce ni zan yi gwajin hannu. Yadda nake yi, sai in ɓata waya ɗaya da gangan a cikin allon, in ce mai neman aiki ya gano ta. Su huɗu ne, maza uku da yarinya ɗaya da zan kira Hauwa, 'yar abokina da muka yi aiki tare a Challawa. Ta cusa hijabinta cikin rigar aiki, ta ɗauki mita, kafin minti goma ta ce, "Baba, ga ta nan." Na ce madalla. Sai ta ƙi matsawa. "Baba, ku yi haƙuri, akwai wata. Wayar ƙasa ba a ɗaure take ba, in aka kunna a haka wuta za ta iya jan mutum." Jama'a, ni na haɗa allon da hannuna, mantawa na yi. Ma'aikata na tsaye suna kallo, wani tsohon makaniki ya ce, "Injiniya, yau dai an kama ku! Ku zo mu sa ku a aji." Aka kwashe da dariya, ni ma na yi dariyar yaƙe.

Da manaja ya tambaye ni wa ya ci, sai na ji bakina yana cewa yarinyar ta iya takarda amma hannunta bai faɗa ba, ga hijabi kusa da injin haɗari ne, ga ma'aikata ba za su bi mace ba. Na ba da sunan wanda ya zo na biyu. Da mahaifinta ya tuntuɓe ni, na ce wayar nan ta biyu lafiyarta ƙalau, ruɗewa ta yi. Ya ce, "Tunda daga bakinka ne, shi ke nan." Har godiya ya yi mini.

Jiya Juma'a na je gaishe shi a Hotoro. Hauwa ta kawo mana ruwa, yanzu tana koyarwa a wata firamare. Ƙanwarta tana cike fom na shiga jami'a, tana son injiniyan lantarki, suna ta musu. Hauwa ta dube ni ta ce, "Baba, ku gaya mata. Ni da na fita da sakamako mai kyau na je na ruɗe a gabanku, har ina ganin laifi inda babu. Aikin nan ba namu ba ne." Ƙanwar ta ce, "Ke ce kika ruɗe, ni ba zan ruɗe ba." Mahaifinsu ya ce duk abin da na faɗa shi za a rubuta, ranar Litinin za a tura fom. Na kurɓi ruwa, na ce zan yi tunani.

Tunanin me? In na ce ƙanwar ta cike injiniya ban faɗi dalili ba, Hauwa za ta ci gaba da ganin kanta a matsayin wadda ta kasa. In na faɗi gaskiya, da wane ido zan kalli abokin shekara arba'in? Wanda aka ɗauka kuma ba shi da laifi, ya yi aure da aikin nan, in je in tayar masa da hankali?

Abu ɗaya dai ba zai gyaru ba. Hauwa ta kyautar da mitarta da kayan aikinta tun bara, ta ce ko kwan fitila ya mutu a gida ba ta taɓawa. Ni na yi mata haka. Litinin saura kwana biyu, don Allah me zan yi?