Shaidar Mabushi a Ƙasan Kunnen Baba

Zuwa ga Yayana Ilhomjon,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, sanyin Novosibirsk bai cinye maka kunnuwa ba. Allah ya ƙara lafiya, ya sa albarka a nema. Mu nan Margilan lafiya lau. Rumman ya nuna, Inna har ta ware maka naka, sai ka ce gobe za ka iso.

Yaya, kada ka tsorata, ƙarshen labarin nan mai daɗi ne. Ka tuna ƙullutun nan na ƙasan kunnen Baba, wanda yake taƙama da shi wai shaidar mabushin surnay ce, algaitar nan tamu, sai wanda ya tsufa yana busa a gidajen biki yake samunta? Mu ma duk muka yarda. Ashe ƙari ne a wurin da ke samar da yawu. Likitar da ta duba shi ta ce ba kasafai ake ganin irinsa ba, bai zama ciwon daji ba tukuna, amma in aka bar shi yana iya rikiɗewa. Sai dai jijiyar da ke motsa leɓe ta nan ta bi, in aka taɓa ta wajen aiki bakin zai iya karkacewa, busa kuwa sai dai labari.

Baba ya kafe, wai gara ya mutu da bakinsa daidai. Inna ta ajiye butar shayi ta ce dama bakin nasa bai taɓa faɗa mata magana madaidaiciya ba, in ya karkace ba ta yi asarar komai ba, amma ita ba algaita ta aura ba, balle a bar mata ita rataye a bango. Ya yi dariya ya amince. Ni kuwa na zagaya bayan tanderu na sha kukana.

An yi aikin, an auna abin da aka cire, babu daji, alhamdulillahi. Amma leɓen ya saki, shayi na zubo masa a gemu, ya daina zuwa wurin abokansa don kunya. Likita ta ce mahaƙurci mawadaci, muka zuba ido makonni.

Ranar Juma'a da safe ina kwaɓa fulawar gurasa sai na ji wata ƙara, kaji suka watse. Ashe Baba ne ya ɗauko algaitarsa yana busawa. Maƙwabcinmu Tursunali, wanda ya shekara ashirin yana tsine wa busar nan, ya shigo ba takalmi, ya ce jakinsa ma ya fi wannan iyawa. Yana faɗa hawaye na bin fuskarsa, sannan ya zauna ya ce a sake.

Inna da Gwaggo Zulfiya suna gaishe ka, ka gaida Kawu Bahodir. Baba ya ce ka daina jan ƙafa ka fitar da mata, mabushi ya shirya, kuma yanzu ba shi da wata shaida sai tabo.

Ƙanwarka mai kewarka,
Muhayyo